Shuhada Mai Aron Kwamfuta

A Gashua, duk mai kwamfuta ya san ƙanwata Shuhada, kuma rabinsu in sun hango ta sai su rufe tasu. Ba sata take yi ba, aro take nema.

Tun da ta gama jami'a ta duƙufa kan wata manhaja ta koyon jarrabawa. Rubuta ta bai ba ta wuya ba. Abin da ya ramar da ita shi ne ƙunshe ta yadda za a girka a kowace kwamfuta. Akwai wani guntu a ciki, mai nuna alamomin lissafi, wanda sai an haɗa wa masu Windows nasu, masu Linux nasu, kamar ɗinki, kowa da awonsa. A tata kwamfutar komai lafiya lau, don guntun ya daɗe a ciki. Sai a ta wani asiri ke tonuwa.

Shi ya sa take yawon aro. Kwamfutar da ta gwada sau ɗaya kuwa ta tashi daga aikin gwaji, don guntun ya riga ya zauna. Ta gwada ta mai hoto, ta mai kemis, har ta limaminmu. Ni ke kai ta a babur, ni ke shan kunya, kuma wallahi na gaji.

Baba ya gaji kafin ni. Da Malam Ya'u, mai makarantar lesin a Nguru, ya ce a kawo manhajar ya gani, Baba ya yanke hukunci: in manhajar ba ta yi ba, Shuhada ta koma shagonsa na barkono.

Ranar tafiya babu sauran kwamfutar da ba ta taɓa ba a garin. A mota ko ruwa ta kasa sha.

"Yaya Usaini, in kwamfutocinsa tsofaffi ne fa?"

Da muka isa, tsofaffin ne kuwa, 'yan gwanjo, kowacce da irinta. Ta soka filashi. Ta farko ta yi jim, sannan manhajar ta buɗe. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ta ƙarshe ta nuna lissafin, sai ta zauna daɓas a ƙasa.

Ni na kira Baba, ita ta kasa. Na gaya masa manhajar ta yi.

"Ka ce mata kada ta damu da shago," in ji shi. "Ɗan'uwanku Muktar zai zauna."