Ƙwallo Shida da Waya a Kulle

Ko na tsufa na manta sunan unguwarmu, ba zan manta da wata safiyar Juma'a a filin rairayin da ke bayan unguwar Al Thumama, can ƙasar da na je aiki, ba.

Abokan aikina 'yan Pakistan ne ke buga kurket, wasan jifa da dukan ƙwallo da sanda, a wurin. Ni Bakano, iyakacin sanina ƙwallon ƙafa. Rakiya kawai na yi. Akwai wani dattijo, direban kamfaninmu, da muke kira Baba. Shekara da shekaru shi ke yi musu sharhin wasa da lasifika. Ran nan ne sharhinsa na ƙarshe, zai koma gida. Iyalinsa ba su taɓa jin sa yana yi ba, don haka wani ɗan wasa ya saka musu kai-tsaye ta wayarsa.

Dab da ƙarshe aka kira mai wayar ya shiga bugu. Ya miƙo min, ya ce, "Injiniya, riƙe da kyau, matar Baba na kallo."

Can na ji alƙalin wasa ya ce "oba", 'yan wasa suka fara sauya wuri. Na ce shi ke nan, oba ai an gama ke nan a Turance, an tashi. Na ji kunyar tambaya, na katse, na jefa wayar aljihu. Ashe a kurket oba na nufin an gama jifa shida, saura wasu shidan. Da na ga an ci gaba, na zaro waya, ta kulle, mai yatsan buɗe ta kuma yana tsakiyar fili da sanda.

Wallahi tsoro na ji. Jifa ta ɗaya, ta biyu, Baba na ta zuba, bai san ba mai jin sa a gida. Ni kuwa gumi har cikin takalmi, ina roƙon Allah a fitar da ɗan wasanmu. Ka ji mugun mai goyon baya.

A jifa ta huɗu aka fitar da shi. Kowa ya dafe kai, ni na kwasa da gudu na tare shi. Na ce, "Yalla, maza cire safar hannun, kawo yatsa."

Hoto ya dawo daidai lokacin da wasa ya ƙare. Baba ya ce, "Na daɗe ina faɗa muku wa ya fita. Yau ni ne na fita. Uwargida, ɗora shayi, ga ni nan."

Na ga tsohuwar tana share ido da mayafi.

Tun daga ranar, in aka ba ni amanar abin da ban sani ba, sai na tambaya kafin in taɓa komai. Kunyar tambaya ta kusa sa in raba mata da bankwanan mijinta.