Shuɗin da ke Bayan Malam-buɗe-littafi

Ban taɓa mantawa da ƙamshin ƙasar da ruwa ya daka a safiyar wata Laraba ba, a ƙarshen daminar bara waccan, ranar da na fara zama a kujerar alƙalan gasar hotuna. Ku da kuka zo ofishin nan daga baya kun tarar da gasar ta zauna da gindinta, to ga yadda zamana na farko ya kasance.

A lokacin ina ƙaramar malamar gona a Talata Mafara. Ƙungiyar ma'aikatanmu ce ke shirya gasar duk damina, don masu ɗaukar hoto da waya na nan da Bakura da Maradun, kuma a shekarar an zaɓi malam-buɗe-littafi. Tsarin ba wuya. A wanke hotunan girma ɗaya, a rufe sunaye, alƙalai uku su duba. Alƙali ba ya shiga gasa, kuma dole ƙwaron ya kasance da rai, a sake. An sa wannan sharaɗi ne saboda wasu kan kama shi su jefa a kular ƙanƙara har ya sandare, sannan su ɗora shi kan fure su ɗauka a natse.

Hana alƙali shiga shi ya yi mini ciwo. Tun ina makaranta nake bin wani babban malam-buɗe-littafi, baƙi mai ɗigon rawaya da jan tabo a ƙasan fiffike. Saboda shi na dasa lemun tsami a tsakar gidanmu, don a ganyensa yake ƙwai. Baitoci na rubuta masa ba iyaka, amma hoton kirki ko ɗaya ban samu ba. Sai ga shi shekarar da aka zaɓi abina, a ita aka naɗa ni alƙaliya.

Sauran biyun su ne Malam Isiya, shugaban sashenmu, da Hajiya Kulu, mai shagon hoto a Bakura. Bayan gaisuwa Hajiya ta baza hotunan a tebur, ta ce da ni, “Ɗiyata, kada launi ya ruɗe ki, launi Allah ya yi shi, ba mai waya ba. Ki fara duba idon ƙwaron, in bai fito ba ki aje. Sannan bayansa, kada tarkace su yi masa kishiya. Sannan ki tambayi kanki, mi yake yi?”

Muka yi ta warewa. Wani ya ɗauka da rana tsaka, fiffiken ya koɗe kamar tsohon zane. Wani ya samu ƙwaro mai kyau, amma ga takalmin roba a gefe. Can Hajiya ta ɗago wani hoto, ta miƙo mini.

Nawa ne. Ina nufin wanda nake nema. Ya sauka kan ganyen lemu, hasken hantsi ya ratsa fiffikensa har ana ganin jijiyoyin, bayansa kuwa wani shuɗi ne mai laushi, babu komai cikinsa sai shuɗin. Hoton da na yi shekaru ina gani idan na rufe ido, ga shi a hannuna, wani ne ya ɗauka.

Malam Isiya ya gyara tabarau. “Wanga ya yi kyau da yawa. Wannan iri ba ya zama wuri ɗaya, mu da ke yaƙi da tsutsarsa a gonakin lemu mun sani. Na kular ƙanƙara ne. Malama Nafisa, ke ce kika san shi, har waƙa kike masa. In kin ce sandararre ne, mu fitar da shi.”

Kalma ɗaya ce tsakanin hoton da kwandon shara, kuma a bakina take. Ni kuwa so nake ya zama na ƙanƙara. Na kusanto da shi ina neman shaida, ko ƙafar da ta naɗe, ko raɓar da ba ta safiya ba. Abin da na gani shi ne bakin fiffiken sama ya ɗan dushe saboda kaɗawa, cikin kuma ya lanƙwashe zuwa ganyen.

“Ranka ya daɗe, mace ce, ƙwai take sakawa,” na ce. “Sandararriya ba ta yin haka.”

Hajiya ta yi dariya. “To ki faɗa da fara'a mana, kamar an ce ki ba da kujerar Makka!”

Hoton ya zo na ɗaya. Da aka buɗe suna, wata Rabi ce, matar aure daga Faru. Ranar ba da kyauta aikin duba gonaki ya kai ni Dosara, ban kuma yi baƙin cikin tafiyar ba. Aka rataye hoton a ofis daidai gaban teburina, kullum ina kallon shuɗin nan ina cewa ruwan dam ɗin yankinmu ne, ina jin haushin wadda ke da lokacin zama bakin ruwa.

Abin da na ɗauka daga ranar alƙalancin shi ne, a aikin nan wanda ya fi son abu shi ya fi iya gane na gaske, shi ne kuma ya fi jin zafin ganinsa a hannun wani. Ba a raba su. Ku dai faɗi abin da idonku ya gani, zuciya ta yi ta ƙunarta.

Sai bana, muna hira da Innata, ta ambaci wata Rabi, ɗiyar ƙawarta ta Faru, da ta taɓa biyowa gidanmu ranar kasuwa don ta yi alwala, ta daɗe tsugune gindin lemuna da waya, ni ina ofis. Washegari na tsaya gaban hoton na duba da kyau. Shuɗin nan hijabina ne, wanda na shanya a igiya kafin in fita.