Kawo Tsoho Ka Karɓi Sabo

Jikata ta buɗe shafi a intanet, irin wanda suke kira bulog, tana rubutu a kan girki da kiwon kaji. Da ta zo hutu Tambuwal sai ta tasa ni gaba tana karanto mini shawarwarin da ta samo a waya, na yadda mutum zai tara mabiya har shafin ya riƙa ciyar da shi. Wai ka dinga sakin rubutu a kan lokaci kada a manta da kai. Wai ka amsa wa duk wanda ya yi maka magana. Wai in mabiya suka yi yawa masu talla da ƙafarsu za su nemo ka. Ina ta gyaɗa kai, don duk na san waɗannan tun uwarta ba ta yi haƙori ba. Sai ta zo kan wadda ke cewa ka gyara harshenka yadda na nesa zai ji daɗinsa, ka rage zancen garinku, ai duniya kake nema. Nan na ce ta ajiye wayar haka nan. Ta yi dariya ta ce tsohuwa ta fara rikici. Ba rikici ba ne, raina ne ya ɓaci, kuma ba da ita ba.

Kakanta, wato maigidana, ya yi wannan sana'ar tun ba a san waya a tafin hannu ba, sai dai shi da baki ya yi, ba da rubutu ba. A shekarun da aka ba Sakkwato jiharta, kuɗin mai ya shigo ƙasa, rediyo mai kaset ta zama abin yayi. Manomi in ya sayar da amfanin gona, ɗan ci-rani in ya dawo daga kurmi, sai ka gan shi rungume da ita, har riga ake ɗinka mata. Ni da Malam duk muna koyarwa a firamare. Allah ya yi shi da baki. In ya soma labari a ɗakin malamai, har mai kaɗa ƙararrawa sai ya manta aikinsa. Wata rana ya ɗauki hirarsa a kaset don wasa, ya ba wani mai shayi a tasha. Kafin mako ya zagayo an fara sallama a ƙofar gida ana tambaya ko akwai wani.

Ba wani abin a zo a gani ba ne a ciki. Inda ruwa ya sauka da inda ya yi fashi, tsutsar da ta shiga gero a Jabo, wanda ya dawo daga Makka da haƙorin zinari ya kasa rufe baki, tsiyar da mutanen wannan gari ke yi wa na wancan. Daga ƙarshe sai gaisuwa, gari gari, unguwa unguwa, ba ya tsallake ko da ruga. Duk da Hausarmu ta gida yake yi, munka da sunka, yadda innarsa ta koya masa. Mutum ya ji an ambaci ƙauyensu daga cikin akwati, sai ka ga ya gyara zama kamar an naɗa shi hakimi.

Da abu ya kankama ya ajiye alli. Na ji tsoro, ban ɓoye masa ba, amma tukunyarmu ba ta taɓa kwana a kife ba. Mai gyaran babur a Dogon Daji da masu sayar da taki sukan ba shi wani abu ya ambace su. Mata sukan aiko a gaishe musu 'ya'yansu da ke ci-rani, direbobin manyan motoci su tafi da kaset ɗin har Ikko. Abin da ya fi tara masa jama'a kuwa wata dabara ce tasa. Sabon kaset yana da tsada ga talaka, sai ya ce kowa ya kawo tsohon ya karɓi na wannan mako, ya ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Yakan ɗaure kwali a bayan babur ya bi kasuwanni har Kebbe, ya dawo da tsofaffin, ya haɗa rikoda biyu da waya, ya wuni yana juye sabuwar hira a kansu. Dabarar ta rufa mana asiri. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa kowace sabuwar hira cinye wadda ta riga ta take yi. Har uwar kaset ɗin da yake juyowa daga cikinta, ita ma haka yake mata.

Ana nan sai wani abokin karatunsa da ke aiki a Kaduna ya zo yawon Salla cikin sabuwar mota. Ya saurari kaset ɗaya, ya yaba, sannan ya kawo shawara. Ya ce Malam yana ɓarnar baiwarsa a kan ƙauyawa. Ya ce a birni akwai kamfanoni da ke neman inda za su zuba talla, amma ba wanda zai sa kayansa a bakin mai cewa munka. Ya ce Malam ya koma Hausar rediyo, ya bar lissafa ƙauyuka, ya riƙa magana a kan manyan al'amura, shi kuma zai riƙa kai masa kaya Kano da Kaduna. Ban ce da mugunta ya faɗa ba. Shi dai abin da ya sani ke nan, kuma mai sabuwar mota ba a cika yi masa gardama ba.

Ni na yi. Da baƙon ya tafi na ce, "Malam, wa ka sayen abin da shika samu banza in ya murɗa rediyo? Mutanen ga kai suka so, ba labarin duniya ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Malama, ke dai ji da allinki."

Na ji haushi ƙwarai, har na yi kwanaki ina ajiye masa tuwo ba magana. Bai fasa ba. Ina tsakar gida sai in jiyo shi a zaure yana koya wa kansa magana kamar ɗan aji ɗaya: muka, suka, shi ne, ita ce. In munka ta suɓuce masa sai ya yi tsaki ya mayar da kaset baya. Mutumin da ke zuba hira tiryan-tiryan ya koma yana taka kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Wani lokaci dariya ta kama ni, wani lokaci tausayi.

Mutanenmu ba su iya cin fuska ba. Suka ci gaba da kawo tsoho suna karɓar sabo saboda kunya, shi kuma yana ta juye sabuwar murya a kan tsohuwa, mako bayan mako, gida bayan gida. Sai rannan a kasuwar Kebbe wani dattijo da bai taɓa fashin karɓa ba ya riƙe masa kan babur. Malam da bakinsa ya ba ni labari. Ya ce dattijon ba da wasa yake ba, da gaske bai gane ba.

"Malam, lahiya dai? Wanga yaro da kab ba rikodarka, ba mu san shi ba. Ko gaisuwa bai yi muna ba."

Ranar bai ci abinci ba. Na ɗauka shi ke nan zai dawo hanya, amma ya ce a ɗan ƙara haƙuri, abokin nasa ya yi alkawarin kamfanoni. Kamfanonin ba su zo ba. Kayan da aka kai Kaduna suka dawo a kwalinsu, ko igiyar ba a kwance ba, abokin kuma ya ɗauke ƙafa. A gida masu karɓa suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya, masu talla suka bi su. Ya kai ga yana fita da kwali cike ya dawo da shi cike. Ba yunwa ta fi damunsa ba, albashina yana nan. Abin da ya karya shi, ya shiga kasuwa a gaishe shi sama-sama, ba mai jan rigarsa yana cewa an manta unguwarsu.

Da damina ta faɗi ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Yana kwance ya ce mini in Allah ya tashe shi, bayan kaka zai koma yadda ya saba, zai fara da neman gafarar dattijon Kebbe. Bai ga kakar ba.

Da na fita takaba ne abin ya sauko mini. Ina so in ji muryarsa. Gida cike da kaset, na saka wannan na cire, na saka wancan, duk baƙuwar muryar nan tasa ce mai taka kalmomi. Sai na shiga yawon nema, in an tashi makaranta ko ranar hutu. Na je Jabo, na je Dogon Daji, na je Kebbe. Mutane suka yi mini kara, suna zazzage akwatuna suna ba ni. Wasu sabuwar muryar ce, wasu an riga an juye wa'azi ko kiɗa a kai. Kowa ya tuna wata magana tasa, har a kwaikwaya mini ana dariya, amma ba mai ita a hannu. Na yi kuka a gidajen mutanen da ban sani ba.

Na kusa haƙura sai aka ce wata tsohuwa a Fakku tana da guda a cikin kwallar da take adana kayanta. Na hau bayan babur na je, hanya duk yashi da rami. Ta ba ni, ta ce ba sai na mayar ba. Da na iso gida na saka, sai ga Hausar rediyo. Ban tashi na kashe ba. Na jawo faifai ina tsintar wake, na bar shi yana ta bayani a kan manyan al'amura har ya gama. Kaset ya ci gaba da shuu. Ashe ranar da ya juye wannan bai shafe har ƙarshe ba, wutsiyar tsohuwar hirar ta saura.

"...da mutanen Fakku, da duk wanda munka mance, ku yi muna gahwara." Aka ji motsin tabarma, ya ɗan yi gyaran murya, bai kashe rikodar ba. "Malama, ɗebo man ruwa, maƙoshi ya bushe."

Sai da na kai bakin randa, moɗa a hannuna, sannan na tuna.