Ruwan Asabar, Shukar Lahadi

A wata 'yar tunga ta ƙasar Kurfai, gabas da Filinge, ƙarƙashin dutsen nan mai jan baki, an yi wani manomi ana ce da shi Kailu. Dogo ne, marar jiki, yana ɗan jan ƙafar hagu. In mutanen Kurfai na lokacin suna son bambanta shi da sauran masu sunansa, sai su ce Kailu mai Lahadi.

Yana saurayi Nasara suka kafa barikinsu a Filinge. Aka bi gida gida ana neman masu ɗaukar kaya, aka kama shi a bakin rijiya da guga a hannu. Ya ɗauki akwatin wani soja ya yi ta bin ayari kudu, har ƙasar Dahome. A can kurkunu ya fito masa a ƙafa, ya kasa tafiya, aka sauke akwatin daga kansa aka ɗora wa wani, aka bar shi gefen hanya. Wani tsoho Kirista ne ya tsince shi. Shi ya yi ta naɗe masa kurkunun a tsinke kullum har ya fita, ya ba shi wurin kwana, ya koya masa addu'a. Kailu ya yi shekaru a gidan tsohon, aka yi masa baftisma, sannan kewar gida ta taso shi.

Da ya komo Kurfai bai tarar da ko mutum ɗaya mai irin addininsa ba. Ba ɗakin ibada, ba littafi, ko da akwai ma bai iya karatu ba. Addu'o'in da ya haddace da yaren mutanen can suka riƙa zubewa daga bakinsa kaɗan kaɗan, har ya koma yi wa Ubangiji magana da Hausarsa, kamar yadda ɗa ke yi wa ubansa. Abin da ya rage masa tsaf shi ne durƙuso safe da yamma a gaban wani ɗan gicciye na itacen kalgo, da kuma maganar da tsohon ya sha nanata masa, cewa ranar Lahadi ba tasa ba ce, ta Ubangiji ce, ba a taɓa aiki cikinta. Kailu ya riƙe wannan da ƙarfi. A ganinsa, ran da ya saki Lahadi ba sauran abin da zai nuna masa cewa shi Kirista ne har yanzu.

Ya auri Habsa, 'yar ƙanen mahaifiyarsa. Ita tana sallarta a bayan ɗaki, shi yana durƙusonsa a ciki. 'Yarsu Muna takan durƙusa tare da uban da safe, da magariba kuma ta tsaya bayan uwar da ɗan zane a ka, ba wanda ya hana ta ko ɗaya.

"Maigida, Allahnka wanga shina son hutu," in ji Habsa, ranar Lahadi in ta gan shi zaune a inuwa. "Ka tambaye shi mani, mata ba su cikin masu hutawa? Ko tuwo da kanshi shika tuƙuwa?"

"Ki aje muciyar, mu sha hura."

"Hurar wa za shi daka? Tsohonka na Dahome?"

Haka suke, ba faɗa ba ne.

Sai aka yi babbar yunwar nan da ta share ƙasa. Damina ta ƙi, rumbuna suka koma wurin kwanan ɓeraye. Mutane suka ci 'ya'yan anza masu ɗaci da ƙwayar ƙarangiya, wasu suka bar tungar ba su komo ba. Ɗansu namiji, Issa, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, a cikinta ya rasu. Duk tsananin nan Habsa ba ta taɓa irin shuka ba. Ta zuba gero a gora, ta gauraya shi da toka, ta liƙe bakin da laka, ta binne ƙarƙashin gado. Akwai ranar da Muna ta yi ta kukan yunwa har muryarta ta dushe, uwar ta hau gadon ta zauna, ta juya wa kowa baya. Gorar nan ita kaɗai ce tsakaninsu da wata shekarar yunwa. In ta lalace, ba inda za a samo wata, don kowa a Kurfai abin da ke hannunsa ke nan.

Bazara ta yi nisa, Habsa na da tsohon ciki, kowa ido a gabas. Ran wata Asabar da la'asar hadari ya haɗu, iska ta taso da ƙura, sannan ruwa ya kece. An yi shi sosai, irin wanda in ka tura hannu cikin rairayi har gwiwar hannu kana jin sanyi. Yara suka fito tsirara suna ihu. Mata na guɗa. Kailu na tsaye bakin ɗaki, ruwa na zuba daga bunu a gabansa, shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya san gobe wace rana ce. Ya kuma san gonarsa jigawa ce, rairayi zalla, ba ta riƙe laima. In rana ta buɗe, kafin Litinin sama ta bushe, irin da aka zuba a ciki sai ya kumbura ya ruɓe bai tsira ba.

Da gari ya waye tungar ta kwashe. Kana jin ƙarar ƙore, da maza suna kiran matansu, da jakuna. Wansa Hamani ya leƙo ta kan darni da sungumi a kafaɗa, wato doguwar fartanyar nan ta saran shuka.

"Kailu! Mi kake jira? Rana ta hito."

"Yaya, yau Lahadi."

"Na sani. Jiya Asabar, gobe Litinin. Ɗauko sunguminka."

"Gobe da asuba ina hita."

"Gobe ka shuka mi, toka? Kai, dibi matarka. Dibi ɗiyarka, ƙahwahunta kamar kara. Ɗaya munka binne bara, so kake mu ƙara?"

Kailu ya sunkuyar da kai. "In ka ƙare taka..."

"In na ƙare tawa rana ta hwaɗi. Kowa ta kanshi shikai yau, ba mai yi maka gayya. Annabi Isa da kake bi, shi ya ce a kashe iyali da yunwa?"

"Ban sani ba, Yaya. Ba ni da wanda zan tambaya."

Hamani ya yi tsaki ya wuce, matarsa na biye da ƙwaryar iri a ka.

Kailu ya shiga ɗaki ya durƙusa. Ya ji Habsa tana haƙa ƙarƙashin gado, ya ji ta fasa lakar bakin gorar, ya ji zubar geron cikin ƙwarya. Bai waiga ba.

"Uba," ya ce, "kai ka aiko ruwan. Ka san ranar da ka aiko shi. In gwada ni kake, ka san ba ni da ƙarhi. Riƙe mani laimar nan har gobe. Girgije ɗaya ya isa, ka rufe rana da shi."

Ya ɗaga kai ya dubi ƙofa. Hasken da ke shigowa fari ne fat, sama ba ko ɗigon girgije.

Habsa ta ɗora ƙwaryar irin a ka. Ta kai Muna wurin tsohuwar maƙwabciyarsu, ta ɗauki sungumin da ke jingine a rumbu, ta fita. Ƙarar ƙarfen da ya bugi bakin ƙofa ita ta gaya masa abin da ta ɗauka.

Shuka aikin mutum biyu ne. Namiji na gaba yana sara, taki ɗaya rami ɗaya, mace na biye tana jefa iri da yatsu uku tana rufewa da diddige tun ramin na da sanyi. Kailu ya san haka tun yana yaro. Ya yi ta zama, ya tashi, ya zagaya gida, ya koma ya durƙusa, kalma ta ƙi fita. Da hantsi ya ce wa kansa zuwa gona kallo ba aiki ba ne.

Ya same ta ta sare layi ɗaya har ƙarshen gona, ta komo farko tana zuba iri. Ramukan ba zurfi, don cikin bai barin ta ta ɗaga sungumin yadda ya kamata. Waɗanda ta fara sarewa kuwa har bakinsu ya yi fari, sun sha rana. Ta tsaya ta dafa ƙugu, tana numfashi da baki.

"Habsa, ramun nan sun bushe."

"Na gani. Ido gare ni."

"Kina zuba iri cikin busasshen rairai."

"To zo ka hana ni. Ko hanawa ma aiki ce?" Ta share zufa da gefen zane. "Tahi gida, Maigida. Ban ce ka saɓa ma Allahnka ba. Ni dai ban zauna bisa gorar nan ɗana na mutuwa ba don in bar ta ta lalace."

Ta ɗaga sungumin, ya rinjaye ta, ta tafi za ta faɗi. Ya riƙe ƙotar. Sun ɗan tsaya haka, hannunsa da nata a kan itace ɗaya. Sannan ta saki.

Ya fara sara. Tun a layin farko jiki ya tuna aikinsa. Tana biye da shi, yana jin saukar diddigenta a bayansa. Ba su huta ba sai da rana ta yi ja, ƙwaryar ta koma wayam. A hanyar gida Hamani ya hango su ya ɗaga murya, "A'a, yau Lahadi ta sha rana!"

Gero ya tsiro, layi layi, kore shar. Daga nan sama ta rufe bakinta. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Hadari kan taso da yamma ta wajen Abala, ya yi ta walƙiya, iska ta watsa shi. Ganyen ya fara naɗewa da hantsi, daga baya ya daina buɗewa ko da safe. Maza suka fita bayan gari roƙon ruwa tare da liman, suka komo ba ko ɗigo.

Kailu ya daina durƙuso. Yakan shiga ɗaki ya dubi gicciyen ya fito. Abinci ma sai Habsa ta matsa. Kullum yana gona, yana tona gindin shuka da yatsa yana neman sanyi. Muna ta durƙusa ita kaɗai wata safiya, ta jira shi, da bai zo ba ta tashi ta tafi wasa.

"Ni na jawo," ya ce wa Hamani a bakin gona. "Ranar Ubangiji na ɗauka."

"Kai ɗaya? Daga nan har Tabla ba a samu ruwa ba, har Imanan shanu na mutuwa, duk don Kailu ya riƙa sungumi? Kai wane ne, sarkin Kurfai?"

Maganar ba ta shige shi ba. Habsa ce ta tare shi da yamma, yana zaune bakin rumbu.

"Yaushe rabonka da addu'a?"

"Da wane ido zan dube shi?"

"Ba kai ka ce mani uba ne ba? Ni ubana in na yi mishi laihi, zuwa nike in tsaya gabanshi, ya yi hwaɗanshi ya ƙare. Ban taɓa ɓoye mishi bayan rumbu ba. Tashi. Ni na roƙa wajena har goshina ya yi kanta. Kai ma roƙa wajenka, gonar ta mu biyu ce."

Ya shiga. Tana jin muryarsa daga waje, ƙasa ƙasa, tana karyewa.

"Uba, ga ni. Na yi aiki ranarka, ka gani, ba ni ɓoyewa. In laihi ne, ban san yadda zan yi in ƙi shi ba, ko yau ka maido ranar sai na riƙa sungumin nan. Ka hukunta ni ga jikina, ga ƙahwar ga ta saba. Bar geron. Habsa ba ta yi maka komi ba, da wanda ke cikinta."

Ruwa bai zo ranar ba, bai zo washegari ba. Da ya tashi zuwa, iska ce ta riga shi, ta kwashi rairayi ta yi ta bulalar shuka, sannan aka yi ruwa mai nauyi har kwari ya cika.

Da sassafe suka tafi gona su biyu, yana gaba tana biye a hankali. Tudun duk ya tafi. Rairayi ya binne wasu, wasu sun ƙone tun kafin ruwan, in ka taɓa sai su murƙushe. Kailu na tafiya yana duba rami bayan rami. Sai da suka gangara wajen gawon da ke ƙasan gona suka ga kore. Daga gawon har iyakar Hamani shukar ta miƙe, ganye a buɗe, ruwa na ɗiga daga bakinsa.

Habsa ta zauna a kan tushen gawon, ta miƙe ƙafafu.

"Ya kai rabi?"

"Bai kai ba."

"Shina kai mu rani?"

Kailu ya daɗe yana duban wurin. "In an ƙara ruwa. In munka haɗa da anza."

"To."

Ya tsuguna a gindin wata shuka mai kauri, ya sa yatsu ya raba ta a hankali, ya zaro 'yan tsiron da suka yi yawa da saiwarsu da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ɗauke su a tafin hannu ya hau tudu, ya fara dasawa a ramukan da suka mutu tun ƙasa na da sanyi.