Bututun Silba na Murhun Gashi

'Yan uwa, yanzu na dawo daga asibiti!

Kun san murhun gas ɗin da nake gasa kifin sayarwa a Gyaɗi-Gyaɗi. Bututun da wuta ke fitowa ya yi tsatsa. Malam Sabo mai gyara ya ce: "Hajiya, ki sayo na silba zalla. Ki tafi da maganaɗisu, in ya kama, kar ki saya."

Na manta maganaɗisun a gida. A Tarauni mai shago ya miƙo min wani yana ta ƙyalli, ya ce: "Wallahi silba ne, har jikokinki!" Na karɓa.

Wata biyu ke nan. Yau da azahar Yaya Hadiza ta ce in huta, ita za ta juya kifin. Tana sunkuyawa sai bum! Wuta ta ɓullo ta gefe, ta kama mayafinta. Innalillahi! Hannu da wuya duk sun saɓule.

Malam Sabo ya ciro bututun, ya kankare shi da mukulli. Ashe fenti ne, ƙarƙashinsa duk huji! Maganaɗisu kawai ya ɗora a kai.

Ya kama ƙam.