Ɗankwali a Bakin Bokiti

A Dukawuya in ka ce kana neman Malam Ɗalha sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Ɗalha Lab, ko mai awarar bakin layi za ta nuna maka ƙofar gidan. Shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandaren maza da ke wajen Ƙofar Kabuga, tun yana da suma har zuwa yanzu da hula ce kaɗai ke rufa masa asiri. In baƙo ya tambaye shi aikinsa, yakan gyara zama ya ce, "Ni ne uwargidan kimiyya. Malamai su zo su yi girki su tafi, ni in tsaya wanke-wanke."

Kuma bai yi ƙarya ba. Shi ke jiƙa kwalabe, ya cuɗe su da ɗan buroshi, ya kife su su tsane. Shi ke haɗa sinadarai kafin yara su shigo, shi ya sa babu rigarsa ɗaya da asid bai yi mata huji ba, kai ka ce gara ce ta bi ta kai. Tiyon gas kuwa da ruwan sabulu yake binsa, inda kumfa ta taso nan ne yoyo. Da damina ya jera baho a tsakar makaranta ya tari ruwan sama, don na rijiya yana ɓata gwaji. Maikiroskof ɗin makarantar rabinsu sun makance, amma kullum sai ya goge musu ido da tsumman tabaraunsa, yana cewa, "Ni da ku duk tsufa ne, mu lallaɓa juna."

Abu ɗaya ne Malam Ɗalha ba ya yi wa kansa ba'a a kai. Duk shekara, in jarrabawar fita sakandare ta matso, akan sanar da malamin bayoloji a asirce abin da za a jera wa ɗalibai ranar firaktikal, su duba, su zana, su faɗi sunan sassansa. Malam Jibrin, malamin bayolojin, sai ya ja shi bayan ƙofa ya raɗa masa, shi kuma ya fita nema. Wata shekarar kyankyaso ne, wata karfasa, wata ƙashin akuya. Abin da aka jera a makarantarsu shi za a jera a kowace makaranta, don haka wanda ya ji tun da wuri ya san babin da zai haddace. Iyaye sun gwada shi da goro, sun gwada shi da daɗin baki, wani har rakiya ya riƙa yi masa daga masallaci. Amsarsa ɗaya ce.

"Ba ni da digiri, ba ni da mota," yakan ce, "amma ina da bakin da ba ya yoyo."

Ya faɗi wannan magana a majalisa, ya faɗe ta a gida, ya faɗe ta har 'ya'yansa suka haddace. Gaskiya dai ya cika faɗarta.

To, sai ga Zinariya, autarsa, wadda tun tana ƙarama take ɗaure wa kajin gidan ƙafa da tsumma wai ita nas ce. Bara ta ci komai, bayoloji kaɗai ya kayar da ita, kuma makarantar koyon jinya ba ta ɗaukar wanda ba shi da kiredit a bayoloji. Abin takaicin, ƙashin wuyan akuya aka ajiye mata, ta rubuta na gadon baya. Irin ƙashin nan Malam Ɗalha ya wuni yana dafawa a makaranta yana kankare shi da wuƙa, ya dawo gida yana ƙarni, bai ce uffan ba. Matarsa Sa'ida ba ta yafe masa ba.

"Ƙashin da ka dafa da hannunka," takan ce in tana zuba masa tuwo, ba ta ƙarasa maganar.

Bana Zinariya ta sake zama jarrabawar a tsohuwar makarantarsu ta 'yan mata. Ta kuma faɗa, ba da fushi ba, cewa in ta sake faɗuwa ta haƙura, za ta koma wurin gwaggonta a Sheshe ta koyi ɗinki. Malam Ɗalha ya san 'yarsa. In ta ce ta haƙura, ta haƙura.

Da lokaci ya yi Malam Jibrin ya ja shi bayan ƙofa ya ce, "Bana kwaɗo ne."

Mutumin da ke ɗaukar kwalbar asid da hannu ɗaya, ba abin da yake tsoro a duniya irin kwaɗo. Ga shi ruwa bai sauka sosai ba, kududdufan da yake zuwa da can an cike su an yi shaguna. Ya zaga, ya leƙa magudanai, mutane na gaishe shi da kallon tausayi. A ƙarshe wurin masu buga bulo ya samu, inda ƙasa ba ta bushewa. Ranar Juma'a bayan la'asar aka ga dattijo da farar jamfa ya durƙusa a gindin tankin ruwa, leda a hannu, yana kai cafka yana ja da baya yana salati. Masu bulo suka ajiye shebur suka zuba ido.

"Baba, magani za a haɗa ne?"

"Aikin gwamnati ne," ya ce, daidai lokacin da wani kwaɗo ya yi tsalle ya dira masa a kan takalmi.

Ya dai tara abin da zai isa a tsohon bokitin fenti, ya huda murfin, ya rufe. Da ya iso mararraba, makaranta na hagu, gida na dama, makullin lab kuma na aljihunsa. Nan fa Malam Ɗalha ya zama babban malamin fatawa. Ya ce wa kansa siton makaranta akwai zafi, bayin Allah za su galabaita. Ya ce gida ya fi kusa, alhali bai fi ba. Ya ce alkawarin da ya ɗauka na baki ne, ba zai faɗa ba, kuma ba zai faɗa ɗin ba. In kwaɗo ya ga dama ya yi kuka a gidan mutum, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ya juya dama.

Zinariya na zaune kan tabarma a gindin gwaiba da littattafanta. Ya yi sallama, ya rasa inda zai ajiye bokiti duk faɗin tsakar gidan sai kusa da tabarmar. Wajen ajiyewa kuma murfin ya ɗan goce, shi da kansa ya taimaka masa ya goce.

"Kada wanda ya taɓa bokitin nan," ya ce da ƙarfi. "Kayan makaranta ne. Na jarrabawa."

"To, Baba," in ji Zinariya, ba ta ɗago ba.

Sa'ida ta leƙo daga kicin, ta dubi bokiti, ta dubi mijinta, ta koma ciki da murmushin da ya daɗe bai gani ba. Shi kuwa ya tafi zaure ya zauna ya kasa kunne. Shiru. Waɗannan halittu da ke hana unguwa sakat da damina, yau ko tari babu wanda ya yi. Ya dawo wai neman buta, ya yi tuntuɓe da bokitin da gangan. Shiru. Ya saci kallo ta inda murfin ya goce, ya haɗa ido da wani ƙaton kwaɗo da ya zuba masa ido, bakinsa a rufe gam. Malam Ɗalha ya ce a ransa, yau ga ranar da kwaɗo ya fi ni riƙon amana.

Ladan ya kira magariba. Ya bi sahu, amma har liman ya sallame bai san surar da aka karanta ba. A sahun gabansa akwai mutumin nan da ya taɓa yi masa rakiya, wanda ya kora da wa'azi mai tsawo, ɗansa kuma ya faɗi. Kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Bai tsaya nafila ba ya zari takalmi, yana sauri yana addu'ar Allah ya sa ba ta leƙa ba, wani ɓangaren zuciyarsa kuma, don kada a yi masa ƙarya, yana addu'ar Allah ya sa ta leƙa.

A zaure ya tarar da bokitin. An danne murfin, an ɗaure shi tamau da ɗankwali mai ruwan goro, ƙulli a kan ƙulli. Ya san ɗankwalin, shi ne a kanta ɗazu.

Sa'ida na tsaye a tsakar gida, murmushin nan ya tafi.

"Kana fita ta miƙe," ta ce. "Ta kawar da kai gefe, ta lalubi murfin ta danna, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure, ta kai zaure. Ta kwashi littattafai ta sa hijabi, wai tana Sheshe sai an gama firaktikal. Na yi magana, na yi magana. Kai ka haife ta, Malam, taurin kan iri ɗaya ne."

Ya ɗauki bokitin ya kama hanyar da ya kamata ya bi tun farko.

Ranar firaktikal ya jera komai a kan tebura yadda ya saba, ya manna wa kowanne harafinsa, ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Yaran suka shigo, wasu na ganin kwaɗo suka dafe kai. Da can yakan ji daɗin wannan dafe kan, alamar asiri bai fita ba. Ranar nan bai ji ba. Hankalinsa na can makarantar 'yan mata, inda autarsa ke tsaye gaban kwaɗon da wani Ɗalhan ya kamo, da fensir a hannu.

Da yamma ta dawo gida. Ta durƙusa ta gaishe shi a zaure, yatsunta duk baƙin fensir.

"Baba, ashe kwaɗo ne."

"Haka ne."

"Na zana shi, ya yi kyau. Amma akwai 'yar fatar nan zagayayya a bayan ido, sunanta ya ɓace mini. Na bar wurin babu komai."

Dodon kunne take nufi. Ya sha riƙe wa Malam Jibrin kwaɗo, yana kawar da fuska, ana nuna wa yaran mutane wurin nan da tsinke. Da ta leƙa bokitin, da ta kwana a kan babin.

"Zinariya," ya ce, "ranar nan murfin..."

"Na ga ya goce," ta ce. Ta ɗan yi dariya, idonta kuwa ya kawo ruwa. "Baba, tun muna aji huɗu ƙawayena ke damuna in tambaye ka. Kullum ina ce musu babana ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai faɗa ba. Bara da na faɗi, da wannan na riƙa ɗaga kai a cikinsu. So kake ka mayar da ni maƙaryaciya?"

Malam Ɗalha, mai bakin da ba ya yoyo, ya sa hannu a aljihu. Ya zaro ɗankwalin. Tuni ya wanke shi da sabulun kwalabe, ya shanya shi a tagar lab, ya ninke shi daidai yadda ya iya. Ta karɓa ta warware, ta ɗaga shi sama, hasken ƙofa ya ratso ta wasu ƙananan huji guda biyu a gefe.

"Asid ne," ya ce a hankali. "Na ajiye shi inda bai kamata ba."

Ta daɗe tana duban hujin. Sannan ta ɗaura shi a kanta haka nan, ta shiga gida gaishe da uwarta.