Amarya da Leda a Ƙafa

Lahadi: Kano zuwa Abuja

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar Kano, ni da Nafisa, 'yar yayana marigayi. Ni ne waliyyinta. Mansur, wanda zai aure ta, injiniya ne a Amurka, aiki kuma ya hana shi zuwa gida a wannan shekarar. Sai aka yanke shawara mu je da bizar ziyara a ɗaura auren a can, mu samu takardar shaidar aure, da ita zai nema mata bizar matar aure bayan mun dawo. Kwana tara asibitin da take aiki ya ba ta hutu, ko yini ɗaya ba ƙari.

Shingen 'yan sanda bakwai na ƙirga kafin Kaduna, inda muka karya da waina da miyar taushe, faranti naira ɗari uku. Sha biyu da rabi muna Abuja, jirgi ya ɗaga da mu bayan isha'i.

Litinin: Dulles

A cikin jirgi na yi mata huɗuba irin ta tsohon hedimasta: "Idan sun tambaya, ki ce yawon buɗe ido." Da muka sauka a filin jirgin Dulles, kusa da Washington, ƙarfe uku da minti goma na rana, jami'in shige da fice ya tambayi abin da ya kawo ta.

"Aure na zo yi, ranar Asabar in koma," in ji ta.

Ta miƙa tikitin komawa da takardar hutu. Mutumin ya duba, ya sake dubawa, ya buga hatimi, har da yi mata murna.

"Baffa," ta ce da ni a wajen ɗaukar kaya, "abin da na faɗa yau zan tarar a rubuce ranar da na je neman bizar zama."

Na ji kunya, na kuma ji daɗi, don ko ba komai tarbiyyar gidanmu ce. Mansur ya ɗauke mu, tafiyar awa ɗaya da kwata zuwa Mitchellville, gidan Hajiya Ladi, wata likita 'yar Zariya da ta karɓi Nafisa a matsayin 'ya. Tuwon shinkafa da miyar kuka muka tarar, har da man shanu.

Talata da Laraba

Talata su biyun suka je ofishin kotu suka karɓo takardar izinin aure, aka ce sai ta kwana biyu kafin ta yi aiki. Laraba Mansur ya shigar da ni jirgin ƙasa daga Greenbelt zuwa cikin Washington. An rubuta a allo saura minti huɗu jirgi ya iso, na kafa wa agogona ido don in kama su da ƙarya, ban samu ba. Wata dattijuwa ta shigo, samari biyu suka miƙe a lokaci guda don ba ta wurin zama. Garin ya burge ni ƙwarai.

Juma'a: Greenbelt

Da safe Hajiya Ladi ta ce Nafisa ta shirya mu tafi masallaci tare. Na ce a'a. Aure goma sha ɗaya na bayar a rayuwata, ban taɓa ganin amarya a wurin ɗaurin aurenta ba. Hajiya ta buɗe baki, na ce maganar maza ce. Ta yi shiru don girmamawa, ta sa aka zaunar da amarya aka fara ƙunsa mata lalle.

Bayan an idar da salla aka fito da goro da dabino, na gyara babbar riga. Limamin, Malam Idrisu, mutumin Kumasi, ya ɗauki takardar kotu ya waiga hagu da dama.

"Alhaji, ina amarya?"

"Tana gida, ga waliyyinta."

"Yi hankuri, Alhaji. Na addini zan ɗaura yanzu da kai. Amma wannan takarda cewa ta yi su biyu sun tsaya gabana. Abin da idona bai gani ba, hannuna ba ya sawa."

Raina ya ɓaci. Na ce gobe za mu tashi, in babu takardar nan tafiyar ta tashi a banza, yarinya ta koma da igiyar aure ba hanyar zuwa wurin mijinta. Ya ce shi ma ƙarfe huɗu zai kama hanyar wata jiha, amma zai jira har lokacin. Biyu da rabi ke nan. Mansur ya ɗauki mukullin mota ya tafi ɗauko Nafisa.

Tafiyar minti ashirin da biyar ce, amma cunkoson babbar hanyar da ta zagaye birnin ranar Juma'a ba ya jin rarrashi. Na zauna ina jan carbi ina zufa, mutane suna cin dabino suna satar kallona. Huɗu saura minti bakwai suka iso. Nafisa ta shigo lulluɓe, Hajiya na riƙe da ita, ƙafafunta ɗaure cikin leda, lallen ko bushewa bai yi ba. Duk takun da ta yi sai ledar ta yi ƙara.

"Nafisa, kin yarda da Mansur?" in ji Liman.

"Na yarda."

Muryarta ba rawa. Ya sa hannu, aka shafa fatiha. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Aure goma sha ɗaya, sai a na sha biyu na ji amsar daga bakin mai ita.

Asabar zuwa Litinin

A wajen walima wasu sun zuga ta ta yi zamanta kawai. Ta ce ta riga ta gaya wa mutumin filin jirgi Asabar za ta koma. Ƙarfe biyar na yamma muka tashi, Mansur ya riƙe takardar don ya fara cike-cike, ya ba ta kwafi.

Litinin da azahar muka shiga Kano. Kakarta ta leƙa bayanmu ta ce, "To ina angon?" Nafisa ta miƙa mata takardar, tsohuwa ta juya ta ta ce wannan miji bai da nauyi.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga Hajiya Ladi da ta yi mini shiru, da Malam Idrisu da ya ƙi yi. Wata mai zuwa zan ba da auren 'yar ƙanena. Jiya na je gidan, na sa aka kira mini ita, na tambaye ta da bakina ko ta yarda.